Charles Addams: mai zanen da ya sa mutane dariya a bakin kabari

Mai Tawada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun shekaranjiya nake bin hirar da kuke yi kan shirin Wednesday na Netflix. Wannan ya ce rawar yarinyar ce ta tafi da shi, wancan ya ce darakta Tim Burton ya iya aiki. Na karanta kaf, ban ga wanda ya ambaci mutumin da yarinyar ta fito daga bakin alƙalaminsa ba, shi ya sa na ce bari in buɗe masa nasa shafin.

Sunansa Charles Addams, amma Chas Addams yake sa hannu a ƙasan zanensa. Ba'amurke ne, an haife shi ranar 7 ga Janairun 1912 a garin Westfield na jihar New Jersey, ya mutu ranar 29 ga Satumban 1988 a New York. Sama da shekara hamsin ya yi yana yi wa mujallar The New Yorker zanen barkwanci, irin mai hoto ɗaya tal, wani da layin magana guda a ƙasa, wani ko kalma babu. Abin da aka buga nasa ya haura zane 1,300. A cikinsu na iyalin nan masu baƙaƙen kaya da ake kira The Addams Family, wato su Morticia da mijinta Gomez da 'yarsu Wednesday, kamar 150 ne kacal.

To ga abin da nake so mu taɓa. Ni a ganina 'ya'yan sun cinye uban. Duniya ta riƙe iyalin ta saki mai zanen, alhali mafi kyawun aikinsa ma babu su a ciki. Wanda bai yarda ba ga fili ga mai doki.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Wallahi ni duk a zatona Tim Burton ne ya ƙirƙiro ta. Kana nufin Wednesday ta girmi kakata?

Mai Tawada:
Auta, uwar Wednesday, Morticia, dai ta girmi kakarki tabbas. A watan Agustan 1938 aka fara ganin gidan iyalin. Zanen kuwa shi ne: wani ɗan talla ya shiga wani tsohon gida yana gwada wa matar gidan injin shara mai zuƙe ƙura. Matar doguwa, siririya, cikin baƙar riga har ƙasa, gefenta wani ƙaton mutum mai gemu. Gidan duk yana ta cinye shi, ga jemage, ga wani abu yana leƙowa daga saman bene. Shi kuwa ɗan tallan ko a jikinsa, sai zuba yake yi kan amfanin injinsa. A lokacin ba wanda ke da suna a cikinsu, ba a ma san iyali ba ne. Daga baya ne miji da yara suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Harold Ross, wanda ya kafa mujallar a 1925, shi ya ƙarfafa masa gwiwa ya ci gaba da zana mutanen wannan gida.

Ki lura da wanda ake yi wa dariya a zanen. Ba matar ba ce. Ɗan tallan ne, mai kwat da murmushi, wanda neman ciniki ya rufe masa ido.

Kawun Zaure:
Malam Mai Tawada, na gode da ilimantarwa, amma ni dai ban ga abin yabo ba. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana wasa da mutuwa, da kabari, da guba, da kisan kai, a ce masa gwani? Mutuwa wa'azi ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gawar nasa ya san babu dariya a wurin. Wannan ba barkwanci ba ne, bushewar zuciya ce aka sa mata tawada.

Malamar Adabi:
Kawu, Allah ya ƙara girma, ina da tambaya ɗaya kafin mu yi nisa. Ka taɓa ganin zanen nasa, ko labari ka ji? Ba don raini na tambaya ba. Dalilina shi ne yawancin masu jin labarinsa suna zaton za su tarar da jini da hanji a waje. Da wuya ka ga jini a zanen Addams. Da wuya ka ga aika-aikar kanta. Kullum yana tsayar da kai ne ana saura ƙiris abin ya faru, ko kuma bayan an gama an share wurin.

Akwai wani abu a tarihinsa da nake yawan tunawa. A 1933, yana saurayi, ya yi aiki a wata mujallar labaran laifuka mai suna True Detective. Aikinsa shi ne gyara hotunan gawawwakin waɗanda aka kashe, ya goge jinin domin hoton ya bugu. Shi da bakinsa ya ce da yawa daga cikin gawawwakin sun fi ɗaukar hankali kafin a taɓa su. Wannan maganar za ta ƙara maka hujja, na sani. Amma dubi sana'ar da ya koya a wurin: cire jini a bar tsoro. Ita ya riƙe har ya mutu.

Kawun Zaure:
Malama, na gani, ba ji na yi ba. Jikana ya nuna min ɗaya a waya. Wasu bayin Allah sun taru a ƙofar gida da dare suna rera waƙoƙin bikinsu na Kirsimeti, su kuma mutanen gidan sun hau can ƙololuwa suna karkato tukunyar tafasasshen mai za su sheƙa musu.  In wannan ba mugunta ba ce, ku faɗa min sunanta.

Mai Tawada:
Kawu ka zaɓo babba. Wannan na Disamban 1946 ne, kuma yana cikin waɗanda suka fi shahara, har fim ɗin iyalin na 1991 ma da shi aka buɗe. Bari in yi magana a matsayin mai zane.

Addams ba da layi kaɗai yake aiki ba. Tawada yake tsarmawa da ruwa, ya bi da buroshi hawa-hawa, daga toka-toka mai haske har zuwa baƙi ƙirin. Shi ya sa darensa yake zama dare na gaske. A wannan zanen daga sama ya ɗauko kallon, kamar kai ma kana kan rufin tare da su. Gidan ya cinye kusan duk shafin, kowace taga da kowane katako an zana su da kulawa (ubansa ya karanci zanen gine-gine kafin ya koma kamfanin fiyano, ban yi mamaki ba). Masu waƙar can ƙasa, 'yan mitsi-mitsi, cikin hasken ƙofa. Idonka sai ya gama yawo kafin ya faɗa kan tukunyar. Kuma man bai zubo ba. Tun 1946 tukunyar take a karkace, har yau ɗigo ɗaya bai taɓa kowa ba.

Wa ya zuba man? Kai ne mai kallo. A cikin kanka ka ƙarasa aikin, ka ji ihun, sannan ka kama kanka kana dariya. Mugu shi ya san makwancin mugu. Wanda zuciyarsa ba ta san hanyar ba, tukunya kawai zai gani.

Kawun Zaure:
Wato ni ne mugun kenan. Madalla.

Gwaggon Yara:
Kawu kada ka yi fushi, ai dukanmu ne. Ni wanda ya kama ni shi ne na gidan silima. An cika maƙil, kowa na kuka, mata na share hawaye, maza sun yi jugum. Can tsakiya ga wani mai sanƙo da ƙwala-ƙwalan idanu, shi kaɗai ya washe baki yana jin daɗinsa. Shi ne wanda daga baya aka sa wa Kawu Fester (ba da kai nake ba, Kawunmu). Da na gani sai da na ajiye wayar, don na tuna wata rana da dariya ta kama ni a wurin da bai kamata ba. Ana cikin jimami, wani abu ƙarami ya faru, na dinga cizon leɓe har hawaye suka zubo, mutane suka ɗauka kuka nake suna ba ni haƙuri. Ba don ban damu ba ne. Na damu ƙwarai. Ita zuciya in abu ya yi mata nauyi takan nemi ƙofar fita ko ta ina ne.

Ban ce kowa ya so irin wannan raha ba. Amma wanda ya ce bai san wannan dariyar ba, to ni dai ban ƙaryata shi ba, na dai yi shiru.

Kawun Zaure:
Hajiya, wannan daban. Ke dariya ce ta zo miki ba ki kira ta ba. Shi kuwa zama yake ya ƙera ta, a biya shi. Kuma na ji an ce mutumin ma ba shi da cikakken hankali, lokaci-lokaci sai an kai shi asibitin masu taɓin hankali.

Malamar Adabi:
Wannan jita-jitar ta daɗe, Kawu, tun yana raye take yawo. Har cewa ake akwai wani zane na musamman, mai muni ƙwarai, da in ya kawo wa editoci sai su gane ciwon ya tashi. Linda Davis, wadda ta rubuta tarihin rayuwarsa aka buga a 2006, ta bi diddigin maganar ta nuna ba ta da tushe. Waɗanda suka zauna da shi mutum suka sani mai fara'a, mai ladabi, mai tsaf-tsaf da sutura, mai son karnuka da motocin tsere. Alfred Hitchcock, mashahurin daraktan finafinai, abokinsa ne. Ya yi rakiyar fitattun mata irin su Greta Garbo da Joan Fontaine da Jacqueline Kennedy zuwa wuraren taro. Ba wannan ne hoton mutumin da ake ɗaurewa ba.

Sai dai in faɗi gaskiya, shi ma ya taya wutar ci. Ya gane mutane suna son su same shi abin tsoro, sai ya riƙa ba su abin da suke so. Gidansa cike da sulken mayaƙan Turai na da, da bakuna irin masu kunama kamar ta bindiga. Teburin falonsa asalinsa na gyaran gawa ne. Yana da dutsen kabarin wata yarinya a cikin kayan ɗakinsa. Ɗan jarida in ya zo hira ya ga wannan, ai ya samu kanun labari. Tun yana yaro ma a Westfield an san shi da zagaya maƙabartar cocin garin, kuma an taɓa kama shi ya kutsa wani gida a unguwarsu. Abin yana jininsa, amma ya mayar da shi riga da yake sawa yana cirewa.

Gwaggon Yara:
Malama ki ba su labarin auren, shi ne daɗin.

Malamar Adabi:
Gwaggo ai kin fi ni iya ba da shi.

Gwaggon Yara:
To shi kenan. Sau uku ya yi aure. Ta farko Barbara, ta biyu ma Barbara. Dukansu dogaye masu baƙin gashi, har mutane ke cewa ta farkon ce ya kalla ya zana Morticia. Lissafi bai ba da haka ba, don ya zana matar a 1938, ita kuwa Barbara sai a shekarun yaƙin duniya na biyu suka haɗu. Wato ya zana mace tukuna, sannan ya fita nemanta a gari. Auren farko ya mutu ne a kan maganar yara: ita tana so, shi ba ya so. Mutumin da ya ba duniya Wednesday da ɗan'uwanta Pugsley bai taɓa haihuwa ba. Ita kuma daga baya ta auri John Hersey, marubucin nan na littafin Hiroshima.

Ta ukun, Tee ake ce mata, a 1980 aka ɗaura, kuma a maƙabartar dabbobi aka yi bikin, amarya cikin baƙaƙen kaya. Gidan da suka zauna a Sagaponack, can Long Island, suna suka sa masa da ke nufin Fadama. Wannan dai ta dace da shi, tukunya ta samu murfinta.

Almajirin Lauya:
Gwaggo kin tsallake ta tsakiya, kuma a wurinta darasin yake ga duk mai zane ko rubutu a zauren nan. Barbara ta biyu lauya ce. Sun yi aure a 1954, suka rabu a 1956, shekara biyu kacal. Amma a ɗan wannan zama ta sa ya sa hannu a takardun da suka miƙa mata haƙƙin mallakar wani babban kaso na aikinsa. Har inshorar rai ta dala 100,000 ta sa ya yanka, abin da ya sa ya je ya ga wani lauya a ɓoye. Bayan rabuwar ta auri wani basaraken Ingila, Lord Colyton, amma takardun suna hannunta. Da aka zo yin shirin talabijin, da kuma finafinan da suka biyo baya, dole sai da aka bi ta kanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ke ba ni mamaki, mutumin da ya yi shekaru yana zana miji da mata suna ƙulla wa juna makirci, shi ne ya kasa karanta takardar da aka ajiye masa a kan teburinsa.

Auta:
Ni fa har yanzu ban yarda da maganar Yaya Mai Tawada ta farko ba, cewa 'ya'yan sun cinye uban. Ba don Wednesday ba, ni da ire-irena ina za mu ji sunansa? Yau ga shi muna ta maganarsa. Ai ɗa nagari shi ke ɗaga sunan uba.

Kuma ina son sanin yadda aka yi suka samu sunaye in da farko ba su da shi.

Mai Tawada:
Auta, shekara ashirin da wani abu suka yi ba suna. Da furodusa David Levy ya zo da maganar mayar da su shirin talabijin, wanda tashar ABC ta fara nunawa a Satumban 1964, sai aka nemi Addams ya rubuta halin kowannensu ya kuma raɗa musu suna. Uban gidan ya ba da zaɓi biyu, Gomez ko Repelli, aka bar wa ɗan wasan, John Astin, ya ɗauki Gomez. Yaron ya so a kira shi Pubert, aka ce sunan ya yi nauyi ga talabijin na wancan zamani, aka koma Pugsley. (Sunan bai mutu ba, jaririn da aka haifa a fim ɗin 1993 shi aka sa wa.) Wednesday kuwa, wato Laraba, daga wata tsohuwar waƙar yara ta Turanci aka ɗauko, wadda ke cewa ɗan da aka haifa ran Laraba mai baƙin ciki ne.

Yanzu ga inda nake cewa an cinye shi. Shirin ya yi shekara biyu, kashi 64, ya tsaya a 1966. Amma tun da ya fara, editan The New Yorker na lokacin, William Shawn, ya daina karɓar zanen iyalin. A ganinsa sun zama kayan talabijin, ba su dace da mujallarsa ba. Addams ya ci gaba da yi musu wasu zane-zanen, amma mutanen gidan nan an rufe musu ƙofa a inda aka haife su, sai bayan Shawn ya bar kujerar a 1987. Saura shekara ɗaya kenan Addams ya mutu.

Na biyu, talabijin ta sauya su. Gomez na zane gajere ne, mummuna, mai hanci kamar na alade. Aka mayar da shi kyakkyawan mai barkwanci. Abin nan mai leƙowa daga bene, wanda ba a taɓa ganinsa sosai ba, aka mayar da shi hannu a cikin akwati. Wednesday ta zane 'yar ƙarama ce, fara fat, shiru-shiru, abin tausayi, mai yatsu shida a ƙafa ɗaya. Wadda Christina Ricci ta fito a 1991, da wadda Jenna Ortega ta fito a 2022, masu baki ne kamar reza. Ban ce ba su yi kyau ba. Na ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A zane mutanen nan miyagu ne na gaske, masu son junansu. A talabijin sun zama mutanen kirki masu baƙaƙen kaya.

Malamar Adabi:
A nan zan rabu da kai kaɗan, Malam. Gaskiya ne an rage musu dafi. Amma abin da ya sa suka rayu tun 1938 yana nan a zanen tun asali, ba talabijin ce ta ƙirƙiro shi ba. Ka tuna wanda suke tsaye a taga su duka, ana ruwa da iska kamar za a tashi duniya, uban yana cewa irin wannan rana ce ke sa mutum ya ji daɗin rayuwa. Ko wanda matar ta je wurin maƙwabciya aron kofi guda na guba, kamar yadda ake aron sukari. Komai nasu a juye yake, amma gida ne mai lafiya: miji na son matarsa, ana wasa da yara, ana zama tare. A Amurkar bayan yaƙi, lokacin da tallace-tallace ke nuna iyali mai murmushi a sabon gida mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa a matsayin ma'aunin mutumin kirki, shi sai ya zana gidan da kowa ke gudu ya sa soyayyar a can. Ma'auratan da ke shirin kashe juna a zanensa kuwa, kusan kullum masu shigar mutunci ne.

Kuma Auta ta yi gaskiya. Masu zane nawa ne suka yi tashe a mujallar nan tare da shi? Peter Arno ya yi suna ƙwarai a zamaninsa. Yau in ba masu bincike ba wa ke ambatonsa? Addams yana da wasan dandamali da aka fara nunawa a Broadway, cibiyar wasan kwaikwayo ta New York, a 2010, da finafinan katun na 2019 da 2021, ga Jami'ar Pennsylvania inda ya yi karatu na ɗan lokaci ta sa wa ginin koyar da zane sunansa. In wannan ne cinyewa, da yawa za su so a cinye su.

Baƙon Dare:
Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Kuna ta yabo, bari in kawo abin da ba a faɗa ba. Ku buɗe tsofaffin littattafan da aka tara zanensa, irin Drawn and Quartered na 1942. Za ku tarar da zanen baƙaƙen mutane a daji, da ƙashi a hanci, da tukunya a kan wuta ana dafa Bature, da bokaye masu ƙanƙantar da kawunan mutane. Ba shi kaɗai ba ne, haka masu zanen Amurka da Turai suke yi a lokacin. Amma tun da ana cewa gwanintarsa ita ce juya abin da kowa ya yarda da shi, me ya sa a nan bai juya komai ba? Ya karɓi hoton da zamaninsa ya ba shi ya ƙara masa tawada.

Malam Mai Tawada ya ce mai kallo ne ke ƙarasa zanen a cikin kansa. To wane mai kallo aka yi wa waɗannan? Ba mu ba ne.

Mai Tawada:
Wannan ba ni da amsar da za ta wanke shi, Malam Baƙo, kuma ba zan nema ba. Na gan su. A wasu Baturen ne wawan, mai hular kano da ya shiga inda ba a kira shi ba. Amma ko a nan, mutanen dajin ba mutane ba ne a idon zanen, kayan tsoratarwa ne, kamar jemage da yana. Ya ba dodanni gida da iyali da soyayya, bai ba waɗannan ba. Shi ya sa in ana zaɓen aikinsa yanzu ba su ake sawa a gaba ba.

Gwaggon Yara:
Ni kuma a ƙara min da na ma'aurata. Akwai mata masu kashe miji a zanensa, har da wadda mesa ta haɗiye mijinta tana yi masa faɗan ya ɗaga murya ba ta jin abin da yake cewa, wannan na yi dariya. Amma na mazan da ke neman hanyar rabuwa da mace mai ƙiba mai mita sun yi yawa. In ka ga ɗaya ka yi murmushi, in ka ga goma a jere sai ka fara tambaya.

Kawun Zaure:
Alhamdu lillahi, ashe ba ni kaɗai ba ne. Da na yi magana an ce ni ne mugu.

Malamar Adabi:
Kawu ai ƙorafinka daban da nasu. Kai ka ce kada a yi raha da mutuwa sam. Su cewa suke a duba wa aka ɗora wa rahar. In kana son ka ga wanda ya wuce Addams a abin da kake ƙi, nemi Edward Gorey, wanda a 1963 ya fitar da ɗan littafin koyon baƙaƙe inda yara 26 ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi da gawarsa. Ko Gahan Wilson, wanda dodanninsa kamar narkewa suke a kan takarda. Kusa da su Addams mai kunya ne.

Auta:
Yaya, shi da ya yi ta wasa da mutuwa, yaya tasa ta zo?

Mai Tawada:
Ba wani abin mamaki, Auta. Ya dawo daga tafiya, ya faka motarsa a ƙofar gidan da yake zama a Manhattan, bugun zuciya ya same shi a cikin motar. Aka kai shi asibiti ya cika, yana da shekara 76. Matarsa ta gaya wa 'yan jarida cewa tun da mutum ne mai son mota, tafiyar ta yi kyau. An ƙona gawarsa kamar yadda ya bari wasiyya, aka binne tokar a maƙabartar dabbobin da ke gidansu na Fadama.

Kawu, kafin a watse, alfarma ɗaya nake nema. Ka sa jikanka ya nemo maka zanen Janairun 1940, na masu zamiya a kan dusar ƙanƙara. Babu gawa, babu kabari, babu guba, babu ko kalma ɗaya. Mutum ne ya gangaro daga tudu da katakon zamiya a ƙafafunsa, ya wuce abinsa. A bayansa ga sawu biyu a kan ƙanƙara. Sun zo daidai wata bishiya, ɗaya ya bi ta dama, ɗaya ya bi ta hagu, suka sake haɗuwa a gaba. Wani a gefe ya waiwayo yana kallo. Shi kenan zanen. Yana da shekara 28 ya yi shi, kuma ni a wurina duk iyalin nan ba su kai shi ba.

Kawun Zaure:
An nemo min. Na kalla.

To ta ina ya wuce?

Gwaggon Yara:
Kawu sai da safe.

Kawun Zaure:
A'a Hajiya, ku tsaya. Bishiyar ba gajera ba ce balle a ce ya buɗe ƙafa ya tsallake ta. Kuma da ya cire katako ɗaya ya zagaya, ai da an ga sawun takalminsa. Malam Mai Tawada, kana nan?